Babi na Bakwai: Daga Kujerar Aski Zuwa Filin Fareti

Duk wanda ya kalli biyu ko uku daga cikin finafinan gaskiya da gidajen talabijin na Birtaniya da Amurka ke yi a kan kuratan soja ya riga ya san yadda na huɗu zai kasance. Mota za ta tsaya a ƙofar bariki, samari su sauko da jakunkunansu suna waige-waige, wani kofur ya tarbe su da tsawa tun ba su gama sauke ƙafa ba. Daga nan sai kujerar aski, inda sumar da yaro ya shekara yana tattali za ta zube ƙasa cikin minti biyu, sai layin karɓar kaki da takalmi, sai daren farko a ɗakin kwana mai gadaje a jere. A tsakiyar shirin za a ga gudu da kaya a baya, da rarrafe cikin taɓo, da mai kuka a waya yana gaya wa mahaifiyarsa ba zai iya ba, da wanda ya tattara nasa ya nasa ya koma gida. Ƙarshe kuma ranar yaye ce: badujala na tashi, iyaye na share hawaye, yaron da a kashi na farko bai san dama da hagu ba yanzu ya ƙame, ƙirji a gaba. Fim ɗin Frederick Wiseman mai suna Basic Training, wanda aka ɗauka a sansanin Fort Knox na jihar Kentucky a 1970 aka nuna a 1971, da shirin Soldier da BBC ta nuna a 2023 a kan kuratan barikin Catterick, shekara 52 ce a tsakaninsu, amma zubinsu ɗaya. Abin da nake son kafawa a wannan babi shi ne cewa hotunan da ke cikin waɗannan shirye-shirye gaskiya ne, hawayen na gaske ne, kumburin ƙafar ma haka, amma labarin da hotunan suka taru suka bayar ya karkata. Karkatar kuwa ta samo asali ne daga wanda ke riƙe da mabuɗin ƙofar bariki, da sa'o'in da kyamara ke aiki, da wurin da ake tsayar da labari.

Kamannin nan da shirye-shiryen ke yi da juna ba lalacin masu shiryawa ba ne ya kawo shi. Horon kurata shi kansa an gina shi da farko da tsakiya da ƙarshe, tun kafin wani ya zo da kyamara. Masanin al'adun nan na Faransa, Arnold van Gennep, ya nuna tun a 1909 cewa bukukuwan da ke fitar da mutum daga wani matsayi zuwa wani suna bin matakai uku a kusan ko'ina: a raba shi da mutanensa, a ajiye shi a wani hali na tsaka-tsaki inda shi ba wancan ba shi ba wannan ba, sannan a shigar da shi cikin sabuwar ƙungiya da biki. Erving Goffman kuma, a littafinsa na 1961 a kan wuraren da ke haɗiye rayuwar mutum ɗungurungum, irin su kurkuku da asibitin masu taɓin hankali da bariki, ya bayyana yadda ake fara aikin da kwaɓe wa sabon shiga tufafinsa da kayansa da sumarsa, wani lokaci har da sunansa. Wa'adin ma a ƙayyade yake: mako 10 ga sojan ƙasa na Amurka, mako 13 ga sojan kundumbalarsu, mako 26 ga dakarun ƙasa na Birtaniya a Catterick. Ga mai shirya fim wannan garaɓasa ce. Ya san ranar farawa, ya san ranar gamawa, rikici tabbas zai auku, wasu za su faɗi wasu su haye, kuma ba sai ya ƙirƙiri komai ba. Sai dai wanda ya ari tsarin labari daga hannun soja ya ari hukuncin soja tare da shi. A cikin wannan tsari, wanda ya kai ranar fareti shi ne ya yi nasara, wanda ya fita kafin nan ya gaza, kuma duk wata wahala da aka sha a hanya ranar ƙarshe ta halatta ta. Mai kallo yana karɓar wannan ma'auni ba tare da wani ya furta masa shi ba.

Sai maganar ƙofa. Bariki ba kasuwa ba ce da kowa zai kutsa da kyamara, kuma rundunar da ta yarda baƙi su zauna mata wata uku ko shida tana da dalilinta. Birtaniya ta daina kiran samari aikin soja na tilas a 1960, na ƙarshensu suka tuɓe kaki a 1963. Amurka ta bi sahu a 1973, Jamus ta dakatar da nata a 2011. Daga ranar da doka ta daina kawo wa runduna matasa, dole ta fita neman su, ta kuma shawo kan iyayensu, waɗanda galibi ba su taɓa taka bariki ba. Tallan daƙiƙa talatin kowa ya san talla ne. Shiri mai kashi shida ko takwas wanda gidan talabijin mai mutunci ya sa wa sunansa ya fi shi tasiri nesa ba kusa ba, domin mai kallo yana jin cewa gani ya kori ji. Ma'aikatar Tsaron Amurka tana da ofisoshi a Los Angeles da aikinsu shi ne hulɗa da masu shirya finafinai, kuma wanda ke son shiga sansani sai ya sa hannu a yarjejeniya, a haɗa shi da jami'in rakiya, a kuma ga fim ɗin kafin ya fita. A Birtaniya gidajen talabijin kan jaddada cewa yanke hukunci a kan abin da za a nuna yana hannunsu, soja na dubawa ne kawai don tsaro da gyaran kuskure. Ban ga dalilin ƙaryata su ba, kuma ba a buƙatar almakashi kafin a cim ma buƙata. Runduna ce ke zaɓar barikin, ita ke zaɓar rukunin kuratan da za a bi, ita ke zaɓar kofur da sajen da za su horar da su, kuma babu kwamandan da zai miƙa wa kyamara mafi munin malamansa. Mai shirin kuma yana son a sake buɗe masa ƙofa baɗi. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Wani zai ce ai shirye-shiryen cike suke da tsawa da zagi da gwale-gwale, to wace runduna ce za ta so a ga haka in talla take nema? Amsar ita ce wannan tsananin shi ne hajar da ake tallatawa. A shirin The Paras da BBC ta nuna a 1983, wanda ya bi rukuni na 480 na kuratan sojan laima a Aldershot, akwai jarrabawar da ake haɗa kurata biyu masu nauyi ɗaya, a sa musu safar dambe, a ba su minti guda su yi ta naushin juna a fuska. Ba a yarda ka kauce ba, ba a yarda ka kare ba, ba gwanintar dambe ake aunawa ba. Abin da ake dubawa shi ne ko za ka ci gaba da matsawa gaba jini na zuba daga hancinka. Uwa in ta ga wannan sai ta kau da kai, amma saurayi ɗan shekara 17 da ke neman abin da zai gwada kansa da shi, wannan minti ɗayan ya fi masa duk wani alkawarin albashi. Ƙari a kan haka, fushin da saje ke nunawa a filin fareti aiki ne da aka koya masa, yana da lokacin farawa da na tsayawa, kuma a shirye-shirye da dama ana ganin mutumin da ya gama zazzaga wa yaro masifa ya juyo wajen kyamara yana murmushi yana bayanin dalilinsa. Tsanani ne mai izini, wanda aka rubuta a manhaja, shi ya sa ba a jin kunyar nuna shi. Abin ban sha'awa ma, wannan ɓangaren da talabijin ta fi ƙauna shi ne wanda sojan da kansu suka fara shakkar amfaninsa. A 2020 makarantar dakarun ƙasa ta Amurka da ke Fort Benning ta soke al'adar nan ta ranar farko, inda malamai ke yi wa sababbin zuwa taron dangi da ihu a fuska, ta maye gurbinta da wani aikin haɗin gwiwa, bisa hujjar cewa wanda ya kawo kansa da kansa amana ya kamata a fara ginawa da shi.

Cutarwar da ke kashe kurata ba a filin fareti take faruwa ba, kuma ba da rana tsaka ba. A daren 8 ga Afrilu 1956, a sansanin kundumbala na Parris Island da ke jihar Carolina ta Kudu, wani saje mai suna Matthew McKeon, bayan ya sha barasa, ya tasa kuratansa a gaba zuwa cikin wani rafi mai laka da ake kira Ribbon Creek don ya ladabtar da su. Shida suka nutse. Bayan shekara 60, a wannan sansanin dai, wani kurtu Musulmi ɗan shekara 20 mai suna Raheel Siddiqui, ɗan asalin Pakistan daga jihar Michigan, ya faɗo daga bene ya mutu a watan Maris na 2016, bai cika mako biyu da zuwa ba, jim kaɗan bayan malaminsa ya mare shi. Binciken da ya biyo baya ya tono cewa wannan malamin, Joseph Felix, ya taɓa tura wani kurtu Musulmi cikin babban injin busar da tufafi da dare, yana kunnawa yana kashewa, yana matsa masa ya bar addininsa. Kotun soja ta ɗaure shi shekara 10 a Nuwamban 2017. A Ingila kuwa, tsakanin 1995 da 2002, matasan soja huɗu 'yan shekara 17 zuwa 20 sun mutu da raunin harsashi a barikin Deepcut da ke Surrey, inda ake ba su horo na mataki na biyu. Rahoton lauya Nicholas Blake na 2006 ya karkata ga cewa da hannunsu suka kashe kansu a shari'o'in da ya duba, amma ya bayyana wurin da masu kula suka yi ƙaranci, matasa ke zaman jira ba aikin yi, ana ba su bindiga da harsashi su yi gadi ba mai sa ido, ga kuma cin zali. Binciken da aka sake yi a 2018 a kan mutuwar na farkonsu ya tabbatar da cewa wani saje ya riƙa dukansa yana wulaƙanta shi. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da mai ɗaukar shirin kurata ya gano. A Deepcut, iyayen mamatan ne, da lauyoyi, da 'yan jarida masu bincike waɗanda aka rufe wa ƙofa, suka yi shekaru suna fafutuka kafin a ji. Wannan ba zargi ba ne ga masu ɗaukar hoto. Ma'aikatan fim mutum uku ko huɗu ne, suna tashi aiki su tafi masauki, kuma ko sun kwana a barikin, wanda ke da niyyar jefa yaro cikin injin busar da kaya ba zai yi a gabansu ba. Amma sakamakon shi ne mai kallo ya tashi da yaƙinin cewa ya ga iyakar munin abin, alhali abin da ya gani shi ne iyakar abin da doka ta yarda da shi.

Hujja mafi ƙarfi da za a iya kawowa a kan wannan ra'ayi nawa ita ce finafinai biyu da ba wanda zai kira su talla. Wiseman ba ya sa mai sharhi, ba ya yi wa kowa tambaya, ba ya ƙara kiɗa. Yana ajiye kyamara ne ya bar wuri ya yi magana, a hoto baƙi da fari. A fim ɗinsa ana ganin ƙarti ana koya musu yadda ake goge haƙori, ana ganin iyaye sun zo ziyara suna sha'awar bindigar ɗansu, ana ganin wani siririn yaro da ya kasa daidaita ƙafarsa da ta 'yan'uwansa a maci har ya haɗiyi ƙwayoyi, aka kai shi gaban limamin coci na bariki, wanda ya ba shi shawarwarin da ko kusa ba su taɓa damuwarsa ba. Ana kuma ganin wani kurtu baƙar fata yana gaya wa na gaba da shi ido da ido cewa ya gwammace kurkuku, domin bai ɗauki ƙasar a matsayin tasa ba. Duk wannan ana tsakiyar yaƙin Biyetnam. Shekara 10 bayan haka Nick Broomfield da Joan Churchill suka fitar da Soldier Girls, a kan 'yan mata kurata a Fort Gordon ta jihar Jojiya, fim ɗin da ya ci lambar yabo ta BAFTA. A ciki akwai wurin da sajoji suka rufe wata yarinya a ɗaki suna yi mata ruwan cin mutunci na tsawon lokacin da mai kallo kansa zai ƙosa, kuma a kusa da ƙarshe sajen da ya fi kowa tsanani ya zauna yana bayyana cewa Biyetnam ta cinye wani ɓangare na zuciyarsa, ba shi da sauran abin da zai ba wani mutum. Na yarda waɗannan sun karya ƙa'idar da na shimfiɗa, amma a duba yadda suka karya ta. Sun samu shiga ne a zamanin da rundunoni ba su gama ƙwarewa a sarrafa masu kyamara ba, kuma sun ƙi barin ranar fareti ta zama alƙalin labari. Wiseman ya rufe da bikin yaye, amma bayan abin da ya gabata, jawaban hafsoshi sai su zama abin tambaya. Broomfield da Churchill sun fi ba da lokacinsu ga waɗanda suka kasa, har ana ganin ɗaya daga cikinsu, da aka sallame ta, ta rungume masu ɗaukar fim ɗin tana murna. Cewa sai an koma 1971 da 1981 kafin a samo misalan da suka fi ƙarfi, shi kansa wani abu ne.

Batun waɗanda suka fita ɗin nan ya cancanci a tsaya a kansa. A shirin da aka saba gani, wanda ya bar horo yana samun minti biyu: ya miƙa kakinsa, ya ja jakarsa zuwa ƙofa, mai sharhi ya faɗi adadin waɗanda suka rage, shi ke nan an wuce wurin. Ba a bin sa gida a ga ko gwiwar da ta lalace ta warke, ko ya samu aiki, ko ma ya yi daidai da ya fita. Shaidar da ake rufe shiri da ita daga bakin waɗanda suka haye take fitowa, kuma kusan kullum cewa suke wahalar ta biya. Ba ƙarya suke yi ba, sai dai shaidarsu ba ta da nauyin da ake ba ta. A 1959 masana halayyar ɗan Adam biyu, Elliot Aronson da Judson Mills, sun yi wani gwaji da ɗalibai mata, inda aka sa wasu suka sha kunya mai tsanani kafin a shigar da su wata ƙungiyar tattaunawa, wasu kuma suka shiga cikin sauƙi. Tattaunawar da aka kunna musu an shirya ta da gangan ta zama mai gundura, amma waɗanda suka sha wuya kafin shiga sun fi yaba ta. Mutum ba ya son yarda cewa ya wahala a banza, don haka yakan ɗaga darajar abin da ya wahala dominsa. Kurtun da ya kwashe wata shida yana tsallen kwaɗo zai ce abin ya dace ko da rabin abin da aka yi masa ba shi da wani amfani, kuma daga bakinsa kaɗai ba za a iya rarrabe rabin da ke da amfani da wanda ba shi da shi ba.

Akwai masu cewa duk wannan ƙorafin na waɗanda ba su san yaƙi ba ne: fagen fama ya fi kowane saje rashin tausayi, kuma sojan da aka lallaɓa a bariki gawarsa za a kawo. Wannan magana tana da gaskiya, kuma ba na cikin masu ganin za a iya horar da mayaƙi ba gajiya ba tsoro ba rashin barci. Amma in an bi hujjar zuwa ƙarshenta, shirye-shiryen ne take kamawa. Idan yaƙi ne ya halatta tsananin, to ya kamata yaƙin ya kasance a tsakiyar labari, alhali shi ne abin da aka fi kauce wa ambato. Kalmomin da ake ji su ne tarbiyya, da dogaro da kai, da zama namiji, da yaron da ba ya gyara gadonsa yanzu yana guga da kansa, kai ka ce makarantar gyaran hali ce. Manufar horon kuwa ita ce a samar da mutumin da zai harbe wani mutum in an umarce shi, ya kuma tsaya a inda ake harbinsa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, S. L. A. Marshall ya yi iƙirari a littafinsa na 1947 cewa bai fi kashi ɗaya cikin huɗu na dakarun Amurka ke harba bindigarsu a lokacin arangama ba. Masana tarihi daga baya sun nuna cewa ba shi da ƙididdigar da za ta goyi bayan wannan adadi, amma rundunar ta ɗauki damuwar da muhimmanci, kuma a shekarun 1950 aka sauya allon harbi mai da'ira da wani mai siffar mutum, wanda ke tasowa ba zato ya faɗi in an same shi. Dalilin sauyin shi ne hannu ya riga tunani. A talabijin wannan darasi yakan fito a matsayin gasa, wa ya ci wa ya faɗi. Wanda ya fuskanci batun kai tsaye shi ne ɗan jaridar Kanada Gwynne Dyer, a kashi na biyu na jerin shirinsa mai suna War na 1983, wanda aka ɗauka a Parris Island. Matsayinsa shi ne hanyar tana aiki a kan kusan kowane saurayi, ɗan kowa ne shi, cikin 'yan makonni, kuma ba jarumtaka ta musamman ake nema ba, ƙuruciya ake nema. Wannan ya saɓa wa saƙon sauran shirye-shiryen, masu nuna cewa zaɓaɓɓu ne kawai ke hayewa.

Gaskiya ne wasu sun wuce filin fareti. Chris Terrill, a shirinsa Commando: On the Front Line da ITV ta nuna a 2007, ya zauna da rukuni na 924 na kundumbalar Birtaniya a Lympstone tsawon mako 32, ya yi jarrabawowin ƙarshe tare da su yana da shekara 55 har aka ba shi koriyar hularsu ta girmamawa, sannan ya bi wasu zuwa lardin Helmand na Afganistan inda aka yi ta harbi yana ɗauka. Aiki ne na jarumtaka, kuma ya nuna alaƙar taɓon Lympstone da ƙurar Helmand fiye da yadda aka saba. Sai dai mutumin da ya sha wuya tare da rukuni har ya sa hularsu ya zama ɗan gida, kuma abin da Aronson da Mills suka gano bai ware masu riƙe da kyamara ba. Su kuwa masu shirin The Paras sa'a ce ta faɗo musu, domin suna cikin ɗauka a 1982 yaƙin tsibiran Falkland da Ajantina ya ɓarke, bataliyoyin rundunar da yaran ke neman shiga suka tafi fagen daga, labarin mutuwa ya fara isowa bariki. Ba tsarin shirin ne ya kawo yaƙin ba, yaƙin ne ya kutso.

Za a iya cewa duk da haka ƙofa a buɗe rabi ta fi ƙofa a rufe, kuma rukunin da kyamara ke bi aƙalla ya tsira daga mugun saje na tsawon wata shida. Ban musa ba. A Najeriya, inda Depot na Zariya ke horar da kurata tun 1924, abin da jama'a suka saba gani a talabijin shi ne faretin yaye da jawabin babban baƙo, watannin da suka gabace shi kuwa sai dai a ji a bakin waɗanda suka shiga. Ina ganin dalilin a fili yake: rundunar da masu neman shiga suka ninka guraben da take da su ba ta da buƙatar lallashin kowa, don haka ba ta da dalilin jure wa baƙo mai kyamara. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa buƙatar ma'aikata ce ke buɗe ƙofar a inda aka buɗe ta. Amma kariyar da kyamara ke bayarwa ta rukuni ɗaya ce daga cikin ɗaruruwa, ita kuwa shaidar lafiya da shirin ke bayarwa ta rundunar ce baki ɗaya. Mahaifin da zai sa hannu a takardar ɗansa yana yanke shawara ne a kan barikin da ya gani a allo, ɗan kuma yana iya faɗawa wani dabam.

Wannan sa hannun ba misali ba ne kawai. Birtaniya ita ce ƙasar Turai da har yanzu take ɗaukar 'yan shekara 16 aikin soja a kai a kai, da izinin iyaye, tana horar da su a kwalejin Harrogate, kuma gidan talabijin na Channel 5 ya yi jerin shiri a kansu mai suna Raw Recruits: Squaddies at 16. Ba a tura su yaƙi sai sun kai 18, amma wanda ya wuce wannan shekarar bai fita ba ya ɗaure kansa har sai ya cika 22. Sharaɗi irin wannan ba ya ɗaukuwa a hoto kamar yadda rarrafe cikin taɓo ke ɗaukuwa, don haka ba shi ke cin lokacin shiri ba. Jamus ce ta kai abin maƙura, domin ta cire ɗan tsakiya gaba ɗaya. A Nuwamban 2016 rundunarta ta fara sakin nata shirin a YouTube, Die Rekruten, mai bin kurata 12 a makarantar sojan ruwa ta Parow, gajerun kashi kusan kullum, da kyamara mai rawa a hannu da kuratan suna magana da mai kallo kai tsaye, duk alamomin da ido ya saba ɗauka a matsayin gaskiya tsirara. An kashe kimanin Yuro miliyan 1.7 wajen shirya shi, da wasu miliyan 6.2 wajen tallata shi. A Janairun 2017, shirin bai daɗe da fara tashe ba, jaridun ƙasar suka fallasa al'adun cin zarafi da wulaƙanci a wajen horo a barikin Pfullendorf da ke kudancin ƙasar. Rundunar ba ta fasa ba: kafin shekarar ta ƙare ta fitar da wani jerin a kan sojojinta da ke Gao a Mali, da salo iri ɗaya, ita ce mai ɗauka, ita ce mai tacewa, ita ce mai watsawa.